Lissafin Kaye da Lissafin Ƙofa

Filin tarihi na wannan mako cikin filin kokowa ya faɗa. Duk wanda ya taɓa shirya wasa, ko da na dandalin ƙauye ne, ya san lissafi biyu ake yi idan an tashi. Akwai na kaye, wato wa ya kada wa. Akwai kuma na ƙofa, wato mutum nawa suka zo, nawa aka tara. Mutane da dama sun ɗauka na farkon shi ke jan na biyun, wai in dai ka kawo ƙaton da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, to fili ya cika ke nan. Tarihi ya yarda da rabin wannan magana, ya ƙi rabi. Za mu bi sawunta daga kokowar Nijar, mu leƙa wani wasa na Amurka da suka shekara fiye da 150 suna rubuta lissafinsa, sannan mu dawo bakin gadarmu.

Kafin gwamnati ta sa hannu, kokowa wasan kaka ce. Sai an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sannan samari ke samun ƙarfin jiki da sukunin zuciya. Ƙauye ya aika wa ƙauye goron gayyata, makaɗa su yi gaba, 'yan mata su biyo baya, a ja da'ira a dandali da la'asar ko da farin wata. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Abin da ke nuna wasa ya yi armashi shi ne yawan liƙin da aka yi wa makaɗa da yawan ƙurar da ta tashi. Shekarar da damina ta yi gardama kuwa, samarin sun kama hanyar cin rani tun kafin a ce a ɗauko ganga, kuma ko wane irin ƙato aka kawo ba mai zuwa kallonsa da yunwa a cikinsa. Wannan shi ne abu na farko da ya taɓa cika fili ko ya bar shi wayam a ƙasar Dendi da Arewa da Kabi, kuma har gobe yana nan daram. Mu nan bakin kogi sai dai mu ƙara da kuɗin shinkafa da na albasa.

Lissafin kaye a wancan zamani a bakin makaɗa yake, da cikin kirarin ɗan kokowar kansa. Zai fito tsakar fili da layunsa, ya ɗaga hannu, ya jero sunayen mazan da ya kayar da garuruwan da ya bari cikin jimami. Makaɗinsa ya ɗauka ya sa a waƙa. Sai dai lissafi ne mai ido ɗaya. Makaɗi ba ya manta ranar da ubangidansa ya yi kaye, amma ranar da aka kai shi ƙasa, wannan sai ka je wajen makaɗin ɗayan gefen ka ji ta. Ai ba don ya tona maka asiri kake ba shi riga ba.

Abin ya sauya kama ne bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar a watan Afrilu na 1974, ƙasa tana fitowa daga mummunan fari. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta nemi abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a fili ɗaya. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Ango da ake kira Kantu, na Maraɗi, ya zama zakara. Daga nan aka shiga zagayawa da gasar jaha-jaha, ita ce wadda yau kowa ya sani da sunan Takobi. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, maza 80 ke nan, ana kwana goma ana fafatawa, a 'yan shekarun nan cikin ƙarshen watan Disamba. Wanda ya yi nasara ya tafi da takobi da doki da kayansa da miliyoyin sefa.

To a nan ne aka haifi wani lissafi da ba shi da ido ɗaya, domin alƙali ke rubuta shi, rediyo ke faɗarsa. Kowace jaha tana karawa da 'yan uwanta, kuma wanda duk aka kayar sau ɗaya ya fita daga layin masu neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa don mutuncin jaharsa. Saboda haka tambaya ɗaya ce a bakin kowa da safe da yamma: saura nawa ba su faɗi ba? Ranar farko 80 ne. Kafin a kwana biyu sun zube kamar ganyen kaka. Sai ka ji ana cewa Dosso saura biyu, Maraɗi saura ɗaya, Agadas ba kowa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga makaranta ba tana riƙe da wannan lissafi a ka, direban mota yana riƙe da shi, ma'aikaci ya bar takardu a tebur ya kanga kunne a Muryar Sahel ko ya zuba wa Tele Sahel ido. A ganina, wanda ya tsara gasar a haka ya san halin ɗan kallo. Lissafi ne mai raguwa kullum, kuma kowane kamu yana iya sauya shi. Ga shi ba a raba 'yan kokowar Takobi aji-aji bisa nauyi kamar yadda ake yi a gasar ƙasashen CEDEAO, don haka siririn saurayi mai dabara yana iya tsinke wa basamude ƙafa a daƙiƙa biyar.

Sunayen da suka fito daga waccan gasa sun zama sunayen filaye. Filin Maraɗi na Kantu ne, na Dosso na Salma Ɗan Rani, na Damagaram na Langa-Langa. Dattawa har yanzu in sun zauna sai an tabo karon Kantu da Kadade Zambo na Tawa. Ku lura da abin da suke tunawa. Ba za ka ji dattijo ya ce maka Kantu ya yi kaye kaza cikin kamu kaza ba. Abin da zai ba ka labari shi ne ranar da su biyun suka haɗu, ba wanda ya san wa zai tashi da ƙasa a baya, da yadda Sagalo ya saki murya fili ya ɗauka.

Yanzu mu ƙetare teku. A Amurka akwai wasan da suke kira besbol. Mutum tara-tara ne. Ɗaya ya jefo ƙwallo ƙarama mai tauri, abokin hamayya ya doke ta da sanda, in ya same ta sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu ya dawo gida, a rubuta masa ci ɗaya. In ya doke ta da ƙarfi har ta tsallake katangar fili, ya zagayo ke nan ba mai tare shi. Wannan bugun ƙetare katanga shi ne kamar a ce ɗan kokowa ya ɗaga abokin karonsa sama ya maka. Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan wasa da ba ma yin sa a nan shi ne, babu wani wasa a duniya da aka bi da alƙalami kamar shi. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Henry Chadwick, shi ya tsara jadawalin da ake rubuta aikin kowane ɗan wasa a ciki, ya fara buga shi a jarida a birnin Niyok a 1859. Tun daga lokacin ana rubuta jifa nawa, bugu nawa, kuskure nawa. Kuma, abin da ya fi muhimmanci gare mu, ana rubuta mutum nawa suka biya kuɗin ƙofa a kowane wasa. Ƙungiya 30 ce a babbar gasarsu yau, kowace tana buga wasa 162 a shekara. Wanda ke son ya san ko bajintar ɗan wasa ce ke kawo 'yan kallo, ga littafi nan buɗe a gabansa.

Shafin farko yana goyon bayan masu cewa gwani ke cika fili. A 1920 ƙungiyar Yankees ta Niyok ta sayo Babe Ruth daga Boston. A shekarar da ta gabata ya yi bugun ƙetare katanga 29, wanda a lokacin abin mamaki ne. Da ya zo Niyok sai ya yi 54. 'Yan kallon Yankees suka tashi daga wajen dubu 619 zuwa miliyan ɗaya da dubu 289, ninki biyu a shekara guda, kuma ba wata ƙungiya da ta taɓa kai miliyan kafin nan. A 1923 suka buɗe sabon fili nasu na kansu, a 1927 Ruth ya kai 60.

Amma a juya shafi. Wancan adadi na 60 ya shekara 34 ba wanda ya taɓa shi. Ranar 1 ga Oktoba 1961 wani ɗan Yankees ɗin dai, Roger Maris, ya shiga wasan ƙarshe na shekara yana da 60, saura ɗaya ya karya tarihi. Kowa a birnin ya sani. Filin yana cin mutum fiye da dubu 60. Kun san nawa suka zo? Mutum 23,154. Ya buga na 61 ɗin a gaban kujeru da yawansu ba kowa a kai. Me ya faru? Shugaban gasar na lokacin, Ford Frick, ya riga ya yanke cewa tunda an ƙara yawan wasanni daga 154 zuwa 162, in ba a cikin 154 na farko aka karya tarihin ba, to sai an rubuta shi daban da na Ruth. Ya zubar wa abin da gishiri tun kafin a ɗora tukunya. Ga shi kuma shi Maris ɗin ba shi ne ɗan lelen jama'a ba, Mickey Mantle suke so ya karya. Adadin yana nan, babba ne, amma zuciyar mutane ba ta tare da mai shi.

Har ila yau a kan Yankees ɗin, daga 1949 zuwa 1953 sau biyar a jere suka ɗauki kofin ƙarshe. A cikin waɗannan shekaru na cin nasara 'yan kallonsu raguwa suka yi, daga fiye da miliyan biyu da dubu 300 a 1948 zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi a 1953. Talabijin da ta shiga gidaje tana da hannu, ƙaurar mutane zuwa bayan gari tana da hannu. Amma wani masanin tattalin arziki, Simon Rottenberg, ya rubuta a 1956 cewa akwai wani dalili a cikin wasan kansa: mutum ba ya son ya biya kuɗi ya kalli abin da ya riga ya san ƙarshensa. Waɗanda suka bi bayansa da bincike sun ɗan gyara zancen, suka ce ɗan kallo ya fi son ya ga nasa na da ɗan rinjaye, amma ba rinjayen da zai sa ya yi barci ba. Wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san haka ba sai an karanta masa ba. In aka haɗa shago da yaron da bai kai ba, 'yan kallo ihun a raba suke yi. Abin da ya sa ake tururuwa shi ne a ji an ce yau Kudu da Arewa, ko Guramaɗa da Jamus, kuma kowane ɓangare ya fito da wanda yake ji da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a littafin nasu shi ne na 1993. An kafa sabuwar ƙungiya a birnin Denba, Colorado Rockies. Ta sha kaye 95 cikin wasa 162, wato in da a Takobi ne tun ranar farko an share sunanta. Amma mutum 4,483,350 suka shiga kallonta a shekarar, adadin da har yau ba wata ƙungiyar besbol da ta kai. Birni ne da ya daɗe yana jiran a ce yana da tasa ƙungiya, ga fili makeke, sai suka yi ta zuwa suna kallon nasu ana lallasa su suna tafi. Ku kwatanta da Tampa Bay Rays, wadda ta kai wasan ƙarshe a 2008 da 2020, ƙungiya ce da ta ƙware wajen zaɓen 'yan wasa ta hanyar lissafi, amma shekara da shekaru tana can ƙasan jadawalin 'yan kallo. Filinta yana ƙetaren ruwa daga inda akasarin jama'ar ke zaune, sai an bi gada cikin cunkoso. Ku riƙe maganar gadar nan, za mu dawo mata.

Sai batun ɗan gida. Ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko da ya shiga babbar gasar a wannan zamani, da ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn. Baƙaƙen fata suka riƙa shiga jirgin ƙasa daga garuruwa masu nisa don su gan shi, Dodgers ta tara wajen miliyan ɗaya da dubu 800 a gida. Abin baƙin cikin shi ne, gasar da baƙaƙen fata suka gina wa kansu a zamanin wariya ita ta biya kuɗin, domin 'yan kallonta sun bi gwanayensu zuwa ɗayan filin, cikin 'yan shekaru ta durƙushe. A 1981 kuma wani saurayi ɗan Meziko, Fernando Valenzuela, ya yi tashe yana jifa wa Dodgers bayan ta koma Los Anjelis, 'yan Meziko mazauna birnin da da ba su damu da ƙungiyar ba suka cika fili duk ranar da aka ce shi zai yi jifa. Wannan mun san shi sarai. Ranar da jaha mai masaukin baƙi ta wayi gari ba ta da ko ɗaya a cikin waɗanda ba su faɗi ba, jikin mutanen gari yakan yi sanyi, sai masu son kokowa tsantsa da baƙin da nasu ke tsaye su riƙe fili. Mu kanmu a nan gefen Benin, in ana Takobi, ai da yawanmu Dosso muke yi. Dangi ne, kasuwa ɗaya muke ci, harshen Dendi da Hausa ɗaya muke yi da mutanen Gaya.

Kuma Dosso ɗin ta ba magoya bayanta abin tinƙaho. Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau shida, uku na ƙarshen a jere, a Yamai da Diffa da kuma Agadas a ƙarshen 2023, gasa ta 44. Ba wanda ya taɓa kai wannan adadi. A nan wani zai ce, to ina maganar Rottenberg? Ga mutum yana ci kullum, me ya sa jama'a ba su gaji ba? Amsar tana cikin tsarin gasar. Ƙungiyar besbol mai ƙarfi tana iya faɗuwa sau 60 a shekara ta kuma ɗauki kofi, don haka ba wani wasa ɗaya da ke tayar da hankali. Shi kuwa sarkin fili a Takobi, zamewar ƙafa ɗaya ta ishe shi. Duk ƙarin takobin da ya ɗauka ƙara wa kowane kamunsa nauyi yake. Rabin fili sun zo su ga ya ƙara, rabi sun zo su ce a gabansu aka kada shi. Haka aka yi a Senigal da Yekini, wanda ya shafe shekara wajen 15 ba a kai shi ƙasa ba. Ranar 22 ga Afrilu 2012 filin Demba Diop na Dakar ya cika maƙil, a ranar kuma Balla Gaye na biyu ya kayar da shi. Lissafin da ke jan jama'a shi ne wanda ake jin yau zai iya karyewa.

Akwai abu ɗaya da ke kashe fili fiye da talauci, shi ne ɗan kallo ya ji an raina masa wayo. A 1919 aka zargi 'yan wasa takwas na White Sox ta Shikago da karɓar kuɗin 'yan caca su faɗi da gangan a wasan ƙarshe. Kotu ta sallame su a 1921, amma shugaban gasar ya kore su har abada, don ya san in jama'a suka daina yarda da abin da idonsu ke gani, shi ke nan. A watan Agusta 1994 kuma 'yan wasa suka shiga yajin aiki kan rikicin albashi da masu ƙungiyoyi, har aka soke wasan ƙarshe na shekarar. Da aka dawo a 1995, 'yan kallo a kowane wasa sun ragu da kashi 20 cikin ɗari, daga wajen dubu 31 zuwa dubu 25. Gwanayen su ne dai, lissafinsu bai ragu ba, mutane ne suka yi fushi. Abin da ya taimaka wajen jawo su shi ne tseren 1998, inda Mark McGwire ya yi bugun ƙetare katanga 70, Sammy Sosa ya yi 66. Daga baya a 2010 McGwire ya fito ya amsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Mu ma a filayenmu raɗe-raɗin an sayar da kokowa ba baƙon abu ba ne. Da zarar ƙato ya faɗi faɗuwar da ba ta gamsar ba, sai ka ji ana gunaguni a kan benci. Mai shirya wasan da ya bari wannan gunaguni ya zauna a filinsa, ko Kantu ya dawo duniya ba zai cika masa shi ba.

Sauran dalilan ƙanana ne a baki, manya a aljihu. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, 'yan kallon besbol sun sauko daga wajen miliyan 10 a 1930 zuwa wajen miliyan 6 a 1933, ga Babe Ruth na nan da ransa yana wasa. Rumbunsu ne ya bushe. Ranar 24 ga Mayu 1935 aka kunna fitilu a Cincinnati aka yi wasan dare na farko a babbar gasar, don leburan da ba ya iya barin aiki da rana ya samu zuwa. A 2023 suka ga wasa ya yi tsawo yana gundurar mutane, suka sa agogo a kan mai jifa, wasa ya ragu da minti ashirin da wani abu, 'yan kallo suka haura miliyan 70. Duk wanda ya zauna cikin rana yana kallon ƙarti biyu sun sunkuya suna taɓa hannu minti goma ba kamu, da ba don makaɗa da 'yan cali-cali masu ba da dariya ba da ya tashi, ya san darajar agogon nan. Tsaro kuma ba a magana. Bikin kamun kifi na Argungu, inda kokowa da dambe ke da nasu fili, an yi shi a 2009, ba a sake yi ba sai 2020.

Kafin mu rufe, ga wani abu game da rubutun kansa da nake so shugabannin matasa da masu shirya wasa a Madekali da kewaye su ji. A watan Mayu 2024 hukumar besbol ta Amurka ta haɗe lissafin tsohuwar gasar baƙaƙen fata da na babbar gasa. Nan take wani mai suna Josh Gibson, wanda ya rasu a farkon 1947 ba a taɓa barin sa ya taka babbar gasar ba, ya zama na ɗaya a tarihi wajen yawan samun ƙwallo da sanda, da 372 cikin kowane dubu, ya ture Ty Cobb mai 367. Shekara 77 bayan mutuwarsa aka ba shi haƙƙinsa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne, a wancan zamani akwai waɗanda suka zauna a gefen fili da fensir suna cika jadawalin Chadwick, jaridun baƙaƙen fata suka buga, masu bincike suka bi tsofaffin takardu suka tono. Wasannin da ba a rubuta ba kuwa ba su shiga lissafin ba, komai bajintar da aka yi a cikinsu. Mu namu gwanayen dandali da suka yi zamani a Dendi, da makaɗinsu ya kwanta dama sai rabin tarihinsu ya bi shi. Littafin 'yan makaranta guda ɗaya ya isa: ranar wasa, wa ya kama da wa, wa ya faɗi, mutum nawa suka shigo, ranar kasuwa ce ko a'a, an sayar da albasa ko ba a sayar ba. Bayan kaka uku mai shirya wasa zai daina yin asara a kan zato.

To mu dawo kan gada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. An ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a toshe. A watan Disamba na shekarar aka kai gasa ta 45 Dosso, filin Salma Ɗan Rani. Duk abin da muka lissafa a shirin nan ya haɗu a wuri ɗaya: ɗan gida, a gida, yana neman takobi na bakwai, kaka ta wuce, mutane na da ɗan abin hannu. Daga Gaya zuwa Dosso tafiyar kilomita wajen 150 ce a kan kwalta, da can mutumin Madekali sai ya hau kabu-kabu zuwa Malanbil, ya ƙetare gada, ya shiga mota, kafin azahar yana bakin fili. A wannan karon sai wanda ya yarda ya shiga kwale-kwale, ya biya a wannan gaɓa ya biya a waccan. Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da takobin, akasarinmu kuwa a rediyo muka ji.